Karatun Maketin Ba Tallan Faranti Ba Ne

Yau maganar wani karatu za mu yi wanda sunansa kaɗai yakan jawo masa baƙin jini a gidaje da yawa. Yarinya za ta gama sakandare, a zo cika takardar JAMB, ta ce ita maketin take so. Uwa ta tambayi ma'anarsa, sai wani yayanta ya yi karaf ya ce ai talla ke nan. Shi ke nan magana ta mutu. Uwa ta ce, mu da muka hana ki ɗaukar faranti tun kina ƙarama, yanzu kuma mu biya kuɗi a koya miki talla? Daga nan sai a tura yarinya wani fannin da ba ta so, ko kuwa a ce ta zauna gida tukuna.

Uwar da ta ƙi tallan faranti ta yi daidai. Kowa ya san yarinya nawa tallan nan ya raba da aji, ya kai su tasha da bakin gareji inda babu mai sa musu ido. Fassarar yayan ce ta yi gajarta. Shelar kaya tana cikin karatun, amma yanki ɗaya ce kawai, kuma ita ce takan zo daga ƙarshe. Gundarin abin da ake koyarwa shi ne sanin mai saye: wane ne shi, me yake bukata, nawa ne a aljihunsa, yaushe kuɗi ke shigowa hannunsa, ina yake zuwa saye, kuma me zai sa ya komo gobe. Duk kamfanin da bai san amsar waɗannan ba, kome kyan kayansa, a sito za su kwana.

Abin da kika riga kika sani

Ke uwargida, kin fi ƙarfin a ce miki baƙuwa a wannan fanni. Dubi dillaliyar unguwarku. Ta san gidan da ake haɗa kayan ɗaki, ta san wadda ta matsu tana son sayar da sarƙarta a asirce, ta san wadda ke biya nan take da wadda sai ta kwashi adashi. Ba ta kai leshi mai tsada gidan da ake awo kullum, ba ta kuma kai kwanon silba na hannu gidan da ake jiran lefe daga Dubai. La'adar da take karɓa ladan wannan sani ce. Haka mai ƙosai ta san ƙarfe nawa za ta ɗora kasko, mai awara ta san cinikinta sai 'yan makaranta sun taso, mai ɗinki kuwa ta san cewa aikin watan azumi shi ke ciyar da ita wata uku.

Wata Baturiyar Ingila, masaniyar tattalin arziki, mai suna Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarar 1967. Ta lura cewa hatsi da mai da abinci da yawa da ake cinikinsu a garin ba sa bi ta kasuwa ko kaɗan, a cikin gidaje matan aure ke sayar da su, yara suna kai da kawowa. A 1969 ta buga rubutu a kan wannan ciniki na ɓoye, ta kwatanta gidajen da saƙar zuma, kowane ɗaki da abin da ke cikinsa. Ita abin ya ba ta sha'awa har ta rubuta. Mu kuwa da muka tashi a cikinsa, ba mu ma ɗauke shi ilmi ba.

To, in haka ne, me makaranta za ta ƙara? Dillaliya ta san gida arba'in ko hamsin da ka. Kamfanin sabulu kuwa yana son ya san gida dubu ɗari biyar waɗanda ba zai taɓa ganin masu su ba. Makaranta ita ke koya yadda ake rubuta wannan sani, a ƙidaya shi, a gwada shi, a gane inda zato ya ɓuya a cikin rigar sani.

Me ake koyarwa?

Wani malamin Amurka mai suna Jerome McCarthy ya kasa aikin gida huɗu a cikin littafinsa na 1960, watau kaya, da farashi, da wurin sayarwa, da shela. Wani kuma, Philip Kotler, ya yaɗa wannan tsari da littafinsa na 1967, kuma da wuya ɗalibar maketin ta gama makaranta ba ta ci karo da sunansa ba. A kan waɗannan huɗu ake gina sauran darussa.

Bari mu tsaya a kan farashi, domin nan ne mata da yawa ke faɗuwa suna tsammani riba suke ci. A ce uwargida ta sayi gyaɗa ta N20,000, ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, ta sayar da duka a kan N26,000. In ka tambaye ta sai ta ce ta ci N6,000. To, ina itacen N1,500? Ina kuɗin niƙa N1,000, da leda da kwalabe N800, da kuɗin motar zuwa sayen gyaɗa N700? Ga kuma man N1,000 da maƙwabciya ta karɓa bashi, har yau ana jin nauyin tambayarta. Abin da ya rage N1,000 ne, ladan wahalar kwana biyu a gaban wuta, ban da wanda yara suka ɗiba suna wucewa. Wannan lissafi shi ne farkon abin da ake koya wa ɗaliba, kafin a kai ta ga na kamfanoni, inda ake tambayar kwali nawa za a sayar kafin a mayar da kuɗin da aka kashe, kuma in aka rage naira goma a kan kowane ƙulli, mutum nawa ne za su ƙaru a masu saye.

Sa'an nan farashi yana tafiya da awo. A shekarar 1993 kamfanin da ke yin madarar Cowbell ya fara aiki a Nijeriya, ya riƙa zuba madarar gari a 'yan ƙananan ledoji da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye ya haɗa shayin safe guda. Kafin nan madarar gari ta mai iya sayen gwangwani ce. Madarar ba ta canza ba, ma'aunin ne ya canza, sai ga ta a teburin kowane mai shayi da kowane kantin lungu. Yau duba ki gani, garin sabulu, tumatir, man gyaɗa, man goge baki, duk sun koma 'yar leda. Abin dariya a nan shi ne, uwargida ta daɗe tana ƙulla gishiri da kuka da daddawa na kwabo da na sisi tun kafin a haifi waɗanda suka kawo dabarar. Su dai sun yi ta ne da alƙalami da inji.

Darasin wurin sayarwa kuwa, in a Kano kike, ba sai an zana miki a allo ba. Je ki Kantin Kwari ki ga yadda atamfa ke fitowa daga hannun mai shigo da ita zuwa ɗan sari, zuwa mai shago, zuwa matar da ke bi gida-gida da ita a jaka, kowa yana ɗora nasa. Je ki Singa ki ga kwalayen taliya da buhunan sukari ana loda su zuwa garuruwa har da ƙetaren iyaka, ko Dawanau inda hatsi da riɗi ke haɗuwa. Kasuwar Kurmi ma, da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, wannan aiki take yi. Ɗaliba tana koyon hannu nawa kaya ke bi kafin su iso ɗakin girki, da abin da kowane hannu ke ci, da inda za a iya gajarta hanyar.

Akwai binciken kasuwa, wanda ni a ganina shi ne ya fi kowane daɗi. Ana koya miki yadda za ki tsara tambayoyi waɗanda ba sa sa wa mutum amsa a baki, da yadda za ki zaɓi mutanen da za a tambaya don kada duk su fito daga unguwa ɗaya, da yadda za ki tattara amsoshin ki fitar da ma'ana. Akwai lissafin kuɗi, da ƙididdiga, da ilmin tsimi da tanadi, da dokokin ciniki, da aikin kwamfuta. A dokokin za ki san cewa abinci ko man shafawa da aka ɗura a mazubi don sayarwa yana bukatar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, za ki kuma san cewa tun 2022 hukumar ARCON ce ke sa ido a kan tallace-tallace, bayan ta maye gurbin APCON. Tallar intanet ma ta shiga, tun da yanzu humra da turaren wuta na Maiduguri ta WhatsApp da Instagram suke isa Legas da Fatakwal.

Kin ga ke nan lissafi ya yi yawa a ciki. Ina jan kunnenki a nan, 'yata. Akwai 'yan mata da ke gudun lissafi daga ajin kimiyya, su faɗa ajin kasuwanci suna cewa sun huta. In don hutun lissafi za ki zaɓi maketin, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Iya magana da fara'a suna da amfani, amma ba za su cece ki ranar jarrabawar ƙididdiga ba.

Hanyar shiga

Hanya biyu ce babba. Ta farko ita ce kwalejin kimiyya da fasaha, watau foliteknik. Ta Kaduna, wadda ta faro a 1956 a matsayin makarantar koyon sana'a, ta zama foliteknik a 1968, tana da sashen maketin, haka ma ta Jihar Kano. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tantance kwasa-kwasan waɗannan kwalejoji. Kafin ki biya ko kwabo, tabbatar kwas ɗin da za ki yi a wannan makaranta yana cikin waɗanda hukumar ta amince da su. Za ki yi shekara biyu ki sami ƙaramar difloma, watau ND, ki fita aikin sanin makama na shekara ɗaya, sa'an nan ki komo ki yi shekara biyu na babbar difloma, watau HND.

Ta biyu ita ce jami'a, shekara huɗu, ki fito da digiri. A wasu jami'o'in maketin sashe ne mai zaman kansa, a wasu kuwa reshe ne a cikin karatun harkokin kasuwanci, wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da sauransu. Jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi da tattalin arziki, kuma waɗannan ukun su ne akan rubuta a jarrabawar JAMB tare da darasi guda na ɓangaren. Akan yi wa sharuɗɗan gyara lokaci-lokaci, saboda haka ki karanta littafin JAMB na shekararki da idonki. Kada ki bar wa mai shagon kwamfuta ya zaɓa miki darussa yana sauri ga layi a bayanki.

Wace ta fi? Har yanzu masu HND suna kukan bambancin da wasu ma'aikatu ke nunawa tsakaninsu da masu digiri, kuma kukan nasu yana da tushe. Amma hanyar difloma tana da wani alheri ga mace musamman. In aure ya zo bayan shekara biyu, kamar yadda yakan zo, kin riga kin riƙe takarda a hannu. Wadda ta bar jami'a a aji biyu kuwa ba ta da kome sai labari. Kuma mai ND da sakamako mai kyau tana iya neman shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu.

Ke kuma uwargida mai 'ya'ya, ƙofa ba ta rufe ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, watau NOUN, tana ba da digirin maketin, tana da cibiyoyi a jihohi, kuma yawancin karatun a gida za ki yi shi, ki je cibiya don jarrabawa. Yana son haƙuri da waya mai intanet, da kuma maigida mai ɗaure gindi. Wadda ta yi karatun zaman aji kuma ta gama tana da aure, hukumar hidimar ƙasa tana yarda a tura ta jihar da mijinta yake, muddin ta kawo takardun shaida. Wadda ta wuce shekara 30 kafin ta gama, takardar yafewa ake ba ta.

Aikin, da tarkon da ke cikinsa

Iyaye da mazaje sukan ce aiki ne na yawo da cuɗanya da maza. Wani ɓangarensa haka ne, ba za mu ɓoye ba. Wakiliyar kamfani mai zagaya diloli da 'yan sari tana yini a mota da kasuwa. Amma akwai mai zama a ofis tana nazarin alƙaluman ciniki, da mai tsara talla don rediyo da talabijin, da mai kula da shafin kamfani a intanet daga ɗakinta, da mai amsa koken masu saye, da malamar makaranta.

Akwai kuma inda mace ba ta da abokin takara. Sabulun wanki, sinadarin miya, abincin jarirai, man shafawa, ko da maigida ne ya fitar da kuɗin, wa ke faɗin wanda za a sayo? Kamfanin da ke son sanin dalilin da ya sa matan Sakkwato ko Gusau suka juya wa kayansa baya, tilas ya ji daga bakinsu, ga shi kuwa ƙofar gida an rubuta ba shiga. Namiji mai digiri uku iyakarsa zaure. Mace mai jin Hausa, mai sanin yadda ake sallama a zauna a kan tabarma a gaisa kafin a kawo abin da ya kawo mutum, ita ce za ta shiga ta fito da gaskiyar magana, har da wadda ba a faɗa sai an saki jiki. Hukumomin lafiya sun daɗe da gane haka. Mata ne suka bi gida-gida da rigakafin shan inna har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa an rabu da ƙwayar cutar ta asali a nahiyar Afirka. Shawo kan uwa ta yarda da gidan sauro ko ruwan gishiri da sukari, shi ma ana amfani da dabarun wannan fanni, ko da yake ba riba ake nema ba.

To, ga tarkon. Sunan maketin ya zama riga, kowa yana sa wa aikinsa. A wasu wuraren hada-hadar kuɗi akan ɗauki 'yan mata aikin kwantiragi, a kira su 'yan maketin, a yanka musu adadin kuɗin ajiya da za su kawo cikin wata kaza, in ba su kawo ba a sallame su. Yarinya 'yar shekara ashirin da uku, ina ta san masu miliyoyi? Sai ta shiga bin ofisoshin masu kuɗi, wasunsu kuwa ba su da tsoron Allah. An daɗe ana kuka da wannan a jaridun ƙasar nan. Ba duk aikin banki ne haka ba, amma kafin ki sa hannu ki tambaya, albashi ne ko kamasho, ko duka biyu? Kamfanin ne ya ɗauke ki ko wani ɗan kwangilarsa? Me zai faru in ba ki cika adadin ba? A ba ki amsa a rubuce, ki kai gida a karanta tare da wanda ya fi ki sanin duniya.

Tarko na biyu ya fi kama matan aure. Wata za ta zo miki da littafi mai hotuna, ta ce ki zuba kuɗi ki shiga, ki kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu, ribarki tana hauhawa kina kwance. Tambaya ɗaya za ki yi: daga ina kuɗin ke fitowa? In daga sayar da kaya ne ga masu bukatarsu, to ciniki ne. In daga kuɗin sababbin shiga ne, to ranar da shiga ta tsaya ranar kuka ce, kuma waɗanda kika jawo ƙannenki ne da ƙawayenki. Ba a manta da MMM ba, wadda ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara.

Masu sana'ar ta gaskiya suna da ƙungiyarsu, watau NIMN, cibiyar masana maketin ta ƙasa, wadda doka ta kafa a 2003. Tana shirya jarrabawa, tana kuma karɓar ɗalibai tun suna makaranta. Takardarta ƙari ce a kan ta makaranta. Amma kada wani ya ce miki takarda, kowace iri ce, ita ke ba da aiki. Masu digiri da yawa suna zaune. Abin da wannan karatu ya fi wasu da shi shi ne, in aikin bai zo ba, ilmin ba ya zama a akwati, ana iya juya shi a kan zoɓo ko kilishi ko ɗinki.

Tun kafin ki shiga

'Yata, in kina aji huɗu ko biyar kuma ranki ya kwanta da wannan fanni, nemi littafin rubutu guda ki riƙe wa mahaifiyarki ko gwaggonki lissafin sana'arta na wata ɗaya. Rubuta abin da aka saya, da abin da aka sayar, da bashin da ya fita, da ranar da aka fi ciniki. Tambayi masu saye uku ko huɗu abin da ya sa suke zuwa nan ba sa zuwa gidan gaba. Lokacin kasuwar baje koli ta Kaduna ko ta Kano, roƙi a kai ki, ki tsaya ki duba rumfar da mutane suka cika da wadda suke wucewa, ki nemi dalili. In wata ya cika kika ji abin ya gundure ki, to kin tsira da kuɗin makarantar shekara huɗu, sai ki nemi wani fannin.

In kuma kin shiga, shekarar nan ta sanin makama kada ki yi ta a ofishin kawunki kina ɗauko fayil. Nemi wurin da ake ƙirga kwali, wajen dilan kayan masarufi, ko babban kanti, ko ƙaramar masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri, ko da alawus ɗin bai taka kara ya karya ba. Ki roƙi a bar ki ki ga littafin sito da takardun oda, ki kuma ajiye takardar shaidar da za su ba ki da kyau, domin ita za a nema ranar da kika koma neman shiga HND.